Lamba Goma Sha Bakwai a Layin Na'urar Gem

Bucaramanga, Asabar 7 ga Satumba

Zuwa ga mahaifiyata Herminda,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Kawu Abelardo da duk mutanen Charalá. Yaya gwiwar? Ina fata kina shafa maganin da na aiko, ba ki ajiye shi saman kabad kina jiran ranar da ciwon zai fi haka ba. Ni lafiya lau, aikin wanki da guga a otal ma yana tafiya.

Ki yi haƙuri da rubutun, a kan cinyata nake yin sa. Ina zaune a bakin titi, cikin layin nan da kika ce kada in kuskura in shiga. Wasiƙarki ta iso ranar Laraba. Kin ce mace mai shekara talatin da shida ba ta da abin yi da kayan wasan yara, kuma kurma ba ta da abin yi a cunkoso, za a ture ni, mota za ta zo ban ji ba. Na karanta sau biyu. Mama, gumina ne, kuma na zo.

Mutum arba'in kacal shagon da ke sayar da sabuwar na'urar wasan bidiyo zai karɓi kafin alƙalaminsu yau, na'urar kanta sai Nuwamba. Na iso da asuba na tarar da mutum goma sha shida a gabana. Wani direban tasi mai suna Don Eliécer ya naɗa kansa sarkin layi, yana bi yana rubuta wa kowa lamba a bayan hannu. Tawa sha bakwai. Gashin bakinsa ya rufe leɓɓansa ruf, sai da na sa ya ɗage shi da yatsa kafin na iya karanta abin da yake faɗi. Ya ce, "'Yata, rufa mini asiri. Na gaya wa abokaina jikana zan saya wa, kuma ko jika ba ni da shi." Ya saya mini kofi da wainar masara.

Ba ki taɓa tambayata abin da nake samu a wasan nan ba. Mu biyar ne, kullum bayan aiki muke bugawa ta intanet, kowa daga garinsa, kuma ni ce shugabarsu. Da rubutu muke magana. Sai da muka shekara biyu kafin na gaya musu ni kurma ce, ɗaya ya rubuto, "Ashe shi ya sa ba kya jin magana," muka ci gaba da wasa. Sabuwar na'urar tana rubuta abin da mutane ke faɗi a kan allo, abin riƙewarta kuma yana girgiza ta ɓangaren da ƙara ta fito. Karo na farko zan san an biyo ni ta baya kafin a kashe ni.

Maigadi ya fito yana rubuta sunaye. Na nuna masa katina mai cewa ba na ji, ya gyaɗa kai. Bari in tsaya nan.

Ki gaida Kawu. Allah ya ƙara miki sauƙi.

'Yarki,
Nelcy


Bucaramanga, Lahadi 8 ga Satumba

Mama,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kin tashi lafiya, gwiwar kuma da dama. Ban kai wasiƙar jiya gidan waya ba, don haka tare za su zo. Gara ki ji abin da ya faru daga gare ni.

Bayan an rubuta sunaye, rana ta yi zafi, layi ya watse, kowa ya nemi inuwa. Ashe sanarwa aka yi ta lasifika cewa ba sai an tsaya ba, za a riƙa kiran suna. Maigadin da ya ga katina ya tashi aiki, wani ya karɓe shi. Don Eliécer shi ne na tara, ya shiga ya biya ya ɗaga mini hannu ya tafi neman fasinja. Ni ina tsaye ina ƙirga masu shiga, ina jiran a yafito ni. Da na ga wani mai lamba talatin a hannu ya fito riƙe da rasit, na je ƙofa. Sabon maigadin ya tare ni. Kafin in gama rubuta masa bayani, an cika arba'in.

Na kutsa ciki. Manajan matashi ne, ya sha turare. Na miƙa masa takardata, ya karɓa ya ajiye bai duba ba. Na karanta bakinsa: "Baiwar Allah, sau uku aka kira ki. Doka ce." Na sake rubutawa, ya juya ga wayarsa.

Sai na yi magana, Mama. Da bakina. Kin san rabona da buɗe baki a gaban baƙi tun ina 'yar shekara tara, bayan sanƙarau. Na ce, "Da wane kunne zan ji?" Na san muryar ta fito da ƙarfi, don na ji ta a ƙirjina, kuma duk shagon ya waiwayo. Wasu 'yan mata biyu suka rufe baki suna dariya. Wani ya ɗaga waya yana ɗauka. Sai na zauna a ƙasa gaban teburin manajan, na ɗaga bayan hannuna, na ce ba inda za ni.

Manajan ya ce zai kira 'yan sanda. Na ce ya kira, amma ya gaya musu su zo da takarda da biro.

Ina nan zaune Don Eliécer ya dawo, wai ya biyo ta gaban shagon ya ga taro. Ya durƙusa, ya ɗage gashin bakinsa da yatsa ya ce, "Tashi, 'yata. Ga rasit ɗina, ki riƙe. Ni tsoho ne, kullum ma cinye ni ake yi." Na kusa kuka. Amma na ce masa ba nasa nake so ba, nawa nake so. Ya dube ni, ya ce, "To, matsa," ya zauna kusa da ni. Wata mai lamba ashirin da biyu ta ajiye jakarta ta zauna. Kafin 'yan sanda su iso mun kai mutum takwas a ƙasa.

'Yar sandar da ta zo ta karanta katina, ta karɓi takardar sunaye ta ga an soke nawa da jan biro. Ta tambayi manajan ko akwai allon da ake nuna lamba. Babu. Ya shige ofis da waya, ya daɗe. Da ya fito ya ce an yarda a ƙara mutum ɗaya, ya fara rubuta arba'in da ɗaya. Ranar karɓa da lamba za a bi, kuma idan kaya suka zo da giɓi na ƙarshe ne ke rasawa. Na dafe takardar na nuna masa hannuna. Ya yaga, ya rubuta sha bakwai.

Awa uku na yi a ƙasa, bayana na ciwo. Kada ki damu, babu wanda ya taɓa ni.

Ki huta lafiya.

Taki,
Nelcy


Bucaramanga, Talata 24 ga Satumba

Mahaifiyata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta Kawu, na ji daɗi da kika ce kin fara zuwa coci da ƙafarki. Alawar gwaba da kika aiko ta iso, na raba da Don Eliécer.

Na samu wasiƙarki. Ashe hoton bidiyon ya kai Charalá. Kin ce an nuna miki a kasuwa, kin ji yara na kwaikwayon muryata, kin kwana biyu ba ki fita ba. Kin ce in rubuta wa shagon takardar ban haƙuri. Ba zan rubuta ba. Su ne ma suka rubuto, suna so in je a ɗauke ni hoto da manajan a ba ni kyautar riga. Na ce su riƙe rigarsu su kafa allo. Na bi ta wurin ranar Juma'a, sun kafa.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Ina tuna yadda kike mintsinina a kasuwa duk lokacin da na buɗe baki, har na daina, har a gida ma na koma rubuta miki a takarda. Na san ba ƙi ba ne. Ba kya son a yi mini dariya, ke kuma kina jin dariyar da ni ba na ji. Amma shekara ashirin da bakwai ina miƙa wa mutane takarda suna ajiyewa ba su duba ba. An yi mini dariya a shagon nan, na gani da idona, kuma na tashi da ƙafafuna na koma gida.

Ni ban san yadda muryata take ba yanzu. Don Eliécer ya ce kamar tsohuwar tasinsa da safe, tana gardama amma tana tashi. Ke kin fi kowa sani, kuma ke nake so ki saba da ita.

Zan zo hutun Kirsimeti, ranar ashirin da biyu ga Disamba, motar rana. Ba zan zo da littafin rubutu ba. Tun daga bakin ƙofa zan kira ki da bakina, ko maƙwabta na tsaye. In kin ji kunya, ki ji, amma ki amsa, ki fito inda zan ga bakinki.

Ki gaida kowa. Allah ya bar mini ke.

'Yarki,
Nelcy