Koriyar Alamar da Sadisu Ya Sa

Jabi, Abuja
Litinin, 5 ga Mayu

Yaya Barira,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ɗinki? Allah ya sa kowa yana lafiya.

Yau kwana tara wayarki a kashe, tun ranar da kika kira ni kina kuka kika katse. Sai da na je tashar Zuba na roƙi Labaran direba ya kai miki wannan takarda Tungan Maje. Ni da nake aiki a kamfanin manhaja, yau ga ni da biro kamar ɗan firamare.

Wallahi Yaya ko abinci ba ya shiga min. Matsiyacin nan mai kiran kansa Injiniya Aminullahi, a manhajarmu ta Haɗuwar Alheri ya same ki, inda ake neman aure da mutunci. Wai kayan lefenki sun maƙale a hannun kwastan a Legas, wai banki ya rufe masa asusu. Kin kwashe adashinki, kin sayar da injin aikin zare, kin tura masa. Washegari lambarsa ta daina shiga. Allah ya isa!

Amma ke ma Yaya! Wata huɗu kuna hira, ko sau ɗaya bai nuna miki fuskarsa a bidiyo ba. Yau netwok, gobe yana wajen aiki a kan ruwa, jibi kyamara ta fashe. Wace irin kyamara ce ke wata huɗu ba ta ga mai gyara ba?

To ga abin da ya sa na rubuto. Har yanzu shafinsa a buɗe yake. Na duba, mata goma sha ɗaya yake hira da su yanzu haka. Dokar ofis ta ce duk mai koriyar alama, wato wanda muka tantance, ba a rufe shi sai wata ta kawo ƙara a rubuce, da sunanta da hotunan hirarsu. Ki rubuta ko layi biyar ne ki ba Labaran. Sauran aikin nawa ne.

A gaida su Ikilima.

Ƙaninki,
Sadisu

*

Tungan Maje
Alhamis, 8 ga Mayu

Ƙanina Sadisu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Saƙonka ya iso, muna lafiya, alhamdu lillahi. Da fatan kai ma haka.

Ba zan rubuta ba. Shekara uku da rasuwar baban su Ikilima, ba a taɓa jin sunana a bakin mutane ba. In dangin marigayi suka ji cewa na shiga waya neman miji har aka cuce ni, da wane ido zan kalle su a wajen biki? Hirar da kake so a ɗauki hotonta kuma, akwai maganganun da mace ke faɗa wa wanda take zaton shi ne mijinta na gobe. Ba zan miƙa su samarin ofishinku su karanta suna taɓa juna ba.

Ka ce ban ga fuskarsa ba. Gaskiya ka faɗa. Ban matsa sai na gani ba saboda kai ka gani. Ranar da ka zauna a kan bencin shagona ka buɗe min shafin, cewa ka yi, "Yaya, kada ki amsa wa kowa sai mai koriyar alama. Ni da kaina nake kallon fuskarsu in haɗa da katin ɗan ƙasa." Sau biyu zuciyata ta yi rawa kafin in tura kuɗin. Sau biyun na koma na kalli alamar, na ce ai Sadisu ya gan shi.

Don haka abu ɗaya nake roƙonka. Ka faɗa min kamanninsa. Baƙi ne ko fari? Yana da gemu? Hoton da ke shafin nasa ne? Ina so in san fuskar da nake kai ƙararta wajen Allah.

Ka riƙa cin abinci. Allah ya yi maka albarka.

Yayarka,
Barira

*

Jabi
Asabar, 10 ga Mayu

Yaya,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa, in har gaisuwata na da sauran daraja.

Ban gan shi ba.

Na yaga takarda huɗu kafin in iya rubuta wannan layin. A watan Disamba ne. Aikina in kira mutum ta bidiyo, ya ɗaga katinsa, ya juya kai hagu da dama, in tabbatar shi ne a hoton. Da na kira shi sai ya ɗauka kyamara na kallon sama, fanka kawai nake gani. Muryar dattijo. Ya yi doguwar sallama, ya tambayi iyayena, da na ce sun rasu ya yi musu addu'a har idona ya ciko. Na ce, "Baba, a ɗan juyo da wayar, a juya kai hagu da dama." Sai ya ce, "Yaro, na haifi kamarka uku. Ni za ka sa ina juya wuya kamar rago a kasuwa? Haka aka rene ka?"

Ni Sadisu, da na taɓa zagin kwandasta tun daga Baja har Kubwa ban huta ba, sai na shiga ba shi haƙuri. Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba." Na danna alamar.

Bayan wata ɗaya kika ce min kin samu wani Injiniya Aminullahi. Na gane sunan. Na ce wa kaina ai dattijo ne mai kamun kai. Na ce miki Allah ya sanya alheri. Da bakina na faɗa.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Ba ƙararki kaɗai ke iya rufe shafin ba. In ma'aikaci ya amsa cewa ya sa alama ba bisa ƙa'ida ba, a take ake rufewa, shi kuma a sallame shi. Na san da wannan lokacin da nake miki faɗa a waccan takardar. Na gwammace ki tona asirinki ni in riƙe kujerata. Kin san inda na fito: shekara shida ina tallan katin waya a ƙarƙashin gadar Eriya Wan, ina koyon karatu da jaridun mai jarida. Wannan ne aiki na farko da aka rataya min kati a wuya. Ba uzuri nake kawowa ba. Ina faɗa ne ki san arahar abin da na sayar da ke a kansa.

Ba na roƙon gafara yau. Ranar Litinin zan ga Oga.

Sadisu

*

Zuwa ga Malam Abdulhakim,
Manajan Haɗuwar Alheri
Litinin, 12 ga Mayu

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ni na sa wa shafin Injiniya Aminullahi koriyar alama ba tare da na ga fuskarsa ba. Ka duba kiran da aka naɗa, fanka za ka gani tana juyawa. Ya damfari wata mata da na sani. Ba zan faɗi sunanta ba, kada ma a tambaye ni. A rufe shi yau.

Rufewa kaɗai ba ta isa ba, Oga. Matan nan goma sha ɗaya a tura musu saƙo a faɗa musu gaskiya, don yana da lambobinsu, zai bi su ta waje. Na san za ka ce sunan kamfani zai ɓaci. Ya riga ya ɓaci, su ne dai ba su sani ba tukuna.

Tunda tafiya zan yi, bari in amayar da sauran. Wa ya ce sai mace ta rubuta sunanta kafin a saurare ta? Wata tara ina nan, ƙara biyu aka kawo. Kana zaton 'yan damfara biyu ne a ƙasar nan? Kunya ce ke rufe musu baki, ɓarayin kuma sun fi mu sanin haka. A sa wurin da za ta danna ta yi magana da muryarta, da Hausa, ba suna, kuma mace ta saurara, ba ni da abokin aikina Wisdom muna cin gyaɗa ba. Sannan mutumin nan a cikin manhajarmu ya rubuta lambar asusu, ba abin da ya motsa. Manhajar da ke gane hoton batsa ta goge, ita ce ta kasa gane lamba goma a jere? Duk wanda ya ambaci kuɗi, jan rubutu ya faɗo wa matar a kan fuskar waya.

Tantancewa kuma kada a sake barin ta a hannun mutum ɗaya, balle wanda aka rena da cewa ba a ja da babba. In fuska ba ta fito ba, alamar ta ƙi dannuwa, ko ma'aikacin na so ko ba ya so.

Katina na cikin ambulan ɗin. Na gode da ka ɗauke ni ba tare da takardar makaranta ba. Ban riƙe amanar ba.

Naka,
Sadisu

*

Tungan Maje
Juma'a, 16 ga Mayu

Sadisu,

Wa alaikumus salam. Labaran ya ce ka bar aikin.

Shekaranjiya Zulai mai awara, maƙwabciyata, ta shigo shago ta ja labule, ta nuna min saƙon da kamfaninku ya turo mata. Tana cikin sha ɗayan. Ta riga ta yi cinikin firjinta, jiya ne ya kamata mai saye ya zo ɗauka. Ta yi ta kuka tana cewa, "Barira, ke da hankalinki ba za a taɓa yi miki haka ba." Na riƙe ta. Firjin na nan a ɗakinta.

Gobe in Allah ya kai mu zan faɗa mata nawa labarin.

Ban iya cewa na yafe ba tukuna, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ba ka da aiki, kuma na san kuɗin ɗaki a Jabi. Ka tattaro kayanka ka taho gida.

Yayarka,
Barira