Malama Daga Cikin Gida

Daren Asabar, Muharram 1438, unguwar Misfala, Makka

Malam Habu ya yi mana sallama yau, ya gama karatu zai koma Sakkwato. Kullum haka ne: mu samo ɗalibi daga Najeriya ya riƙe wa yaranmu ajin Hausa na ran Asabar, suna sabawa da shi ya tafi. In ban samo wani ba, ajin zai watse.

Na taɓa karantawa cewa a Amurka ana ƙoƙarin samo wa yara masu jin Sifaniyanci malamai daga cikinsu. Mu ba mu taɓa duba cikin gida ba.

Na roƙi Maryam, 'yar ƙanwata, haifaffiyar nan, ta gwada. Ta ce, "Haba Kawu, Hausata rabi Larabci ce. Dariya za su yi mini."

Duk da haka ta shiga ajin. Ƙaramar Hauwa, ɗaya daga cikin yaran, wadda ba ta taɓa buɗe baki gaban Malam Habu ba, ta riƙe gefen abayarta tana ta zuba, da irin wannan Hausar mai rabin Larabci.

A hanyar gida Maryam ta ce, "Ɗayyib, na yarda. Amma kai za ka koya mini ran Juma'a, ni in koya musu Asabar."

Na gyaɗa mata kai, na amince.