Maleriyar da Ba Sauro ne Ya Kawo Ta Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Malama Umma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa irin wadda ta kamaci 'ya ga uwa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'imarSa. Daga unguwar Sentul, a ƙasar nan mai nisa, nake rubuto miki, daga ɗakin nan da kika gani a waya kika ce akurkin kajinki ya fi shi fili. Na san akwai masu leƙowa ta kafaɗata suna karantawa. Su karanta, na gaji da rufa-rufa.

Kin san aikina. Kamfani ne a Bukit Bintang, muna amsa wayar masu ƙorafi daga safe har yamma, mutum ya wanke ki tas ki ce masa kin gode. Abin da ban taɓa fayyace miki ba shi ne, izinin zamana a ƙasar nan a wuyan aikin yake rataye. Ranar da aikin ya tafi, ni ma sai haɗa akwati. Na fara da wannan ne don ki gane abin da nake tsoro.

Bayan na dawo daga zaman makokinki, wani abu ya zauna mini a ƙirji ya ƙi tashi. Abinci ya daina ɗanɗano. Sai in yi wanka in shirya in isa tasha, jirgin ƙasa ya zo ya buɗe ƙofa ya rufe ya wuce, ina tsaye na kasa ɗaga ƙafa. Bilkisu, ƙawata da ke karatun digiri na uku tana zaune a Sri Petaling, ita ta ja ni kamar akuya zuwa asibiti. Likita ta saurare ni tsaf, ta ce ciwon damuwa ne, yana da magani, amma sai na riƙa zuwa a kai a kai. Ranarta Talata ce da safe, daidai lokacin da ake so a gan ni a kujera da abin waya a kunne.

To me zan ce wa shugabata? Kak Ros muke kiranta, wato Yaya Ros, mace mai kirki amma mai bin ƙa'ida kamar agogo. Na tsaya a gabanta, sai na ji harshena ya ce maleriya ce ke damuna, zan je asibiti.

Umma, a wurinki na koyi wannan kalmar.

Ina tuna ranakun da kike sakin labule da rana tsaka, ki ɗaure kai da ɗankwali tamau, ki juya fuska bango. Sai ki ce in biya makarantarku in gaya wa hedimasta maleriya ta kama ki. In taɓa goshinki in ji shi sanyi ƙalau. Baba ya sayo magani a kemis, ki karɓa ki yi godiya ki tura ƙarƙashin filo. Bayan kwana biyu ki tashi ki ɗauki alli ki koma aji, idanunki a kumbure. Ba wanda ya taɓa tambaya, domin a Kano maleriya ta zama kamar gaisuwa, ka faɗa a ce sannu a wuce.

Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na tambaye ki abin da ke damunki. Kika dube ni kika ce, "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Na riƙe maganar nan kamar karatun allo, na tsallaka teku da ita.

Sai dai nan ba Kano ba ce. Ina cewa maleriya Kak Ros ta zaro ido ta miƙe tsaye. Ashe a birnin nan ciwo ne da ba a cika gani ba, wanda in likita ya gano shi sai ya sanar da hukumar lafiya. Kafin azahar ofis ya ɗauka. Ana tambayata wane daji na shiga, aka yi wa ƙarƙashin teburina feshi, wata baiwar Allah ta yo mini tapau, wato ƙunshin abinci, na miyar kaza ta ajiye ta ja da baya kamar zan cije ta. Da ba kuka ke cina ba, da na yi dariya. Sannan Kak Ros ta ce in kawo emsi, takardar da likita ke bayarwa ta shaidar rashin lafiya. Takarda ina da ita, amma sunan sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa ne ɓaro-ɓaro a samanta.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, ni kuwa na shige shi da kai. Na ce na warke, ashe mura ce kawai, aka cire ranar daga hutuna na shekara. Na daina zuwa asibiti. Magani ya ƙare ban koma karɓa ba. Na zaɓi aikin, ina ganin dabara na yi. Abin ya dawo da ƙarfinsa har ya fi na farko. Wata rana wani tsoho ya kira yana faɗa a kan kayansa da ba su iso ba, sai kawai ya ji ina shessheka. Shi da ya kira don a rarrashe shi, ya koma yana rarrashina.

Bilkisu ba ta raga mini ba. A shagon mamak, wato na masu shayi da abinci, ta zaunar da ni, shayi na hucewa a gabana, ta ce, "Ke fa matsalarki ke nan, Saudatu. Kina jin kunyar mutanen da ko sunanki ba su iya faɗa daidai ba. Just tell her lah, cinye ki za ta yi?" Ta ce dokar aiki ta ƙasar ta ba ma'aikaci hutun rashin lafiya in likita ya shaida, kuma ba ta ce sai ciwon da ake gani da ido ba. Na ce mata doka daban, zuciyar shugaba daban. Ta ce haka ne, amma gawa ba ta zuwa ofis.

Na shiga wurin Kak Ros na rufe ƙofa. Umma, ban taɓa jin nauyin magana irin na ranar ba. Na ce ba ni da maleriya, ban taɓa yin ta a ƙasar nan ba. Na faɗi sunan ciwona da bakina, na ajiye takardar a gabanta. Tana karanta takardar, ni kuwa har na fara lissafin abin da zai shiga akwati. Da ta buɗe baki faɗa ta fara yi, wai na sa an shaƙe mata ofis da feshi a banza. Sannan ta sassauta murya ta ce, "Boleh, ba matsala, Sauda. Safiyar Talata taki ce. Ki riƙa kawo shaidar asibiti, ni da ofishin ma'aikata kaɗai za mu gani."

Ba zan yi miki ƙarya in ce komai ya zama zuma ba. Akwai masu kallon kujerata in babu kowa a kai su kalli juna. Ƙarshen shekara za a duba kwantiragina, kuma ban san abin da za a yanke ba. Tsoron yana nan. Amma ko su sabunta ko kada su sabunta, na daina sayar da lafiyata don in tsare kujera. Ke ba ki sami wanda zai ce miki kina da wannan haƙƙin ba, kuma wannan yana ƙona mini rai har yau.

Talatar da ta wuce na koma asibiti da safe, kowa ya san inda na tafi. Likita tana rubutu ta sake yi mini tambayar da ta yi a zuwana na farko, wadda na amsa da a'a: ko a gidanmu akwai wanda ya taɓa fama da irin wannan? Wannan karon na ce, "Akwai. Mahaifiyata." Ta tambaya ko an taɓa yi miki magani. Na ce ba wanda ya sani, har Baba.

Ki yafe mini, Umma, na faɗi abin da kika rufe tsawon rayuwarki. Ba don in tona miki asiri ba ne. Na kasa jure a ce kin sha wannan wahalar ke kaɗai, kin tafi ba a taɓa yi miki sannu a kan ciwon da yake shi ne na gaskiya ba.

Sannu, Umma. Sannu da jiki.

Allah Ya sa nauyin da kika ɗauka a ɓoye ya zama kaffara, Ya yalwata kabarinki, Ya ba ki hutun da ba ki samu a duniya ba. Mu da muka rage Ya ba mu lafiya, da bakin neman ta. Amin.

'Yarki mai kewarki kullum,
Saudatu