Tudun da Ya Ƙi Sakina

Don Allah a agaza mini da shawara, kafin in ja 'yata cikin ramina.

Ni masanin duwatsu ne, ko in ce a da. Karatu na yi shi har da yabo, yau takardun suna akwati, kyankyasai ke karanta su. Ina matashi muka kafa injin haƙa a kan wani tudu muna neman jan ƙarfe. Dutsen da ya fara fitowa, in na lasa shi kamar yadda muke yi don launi ya bayyana, kore yake yi shar, alamar jan ƙarfe ke nan. Sai manyan ofis, waɗanda takalminsu bai taɓa taka wurin ba, suka ce a kwashe kaya. A gabana aka toshe ramin da siminti.

Tun daga ranar tudun nan yake bina. Injin niƙan maƙwabta in ya tashi, ƙarar haƙa nake ji, har in ajiye cokali. Guntun dutsen yana nan, matata na tokare ƙofa da shi.

Yanzu 'yata ta gaji sana'ar. Lasisinta na neman ma'adinai ya haɗa da tudun. Injin haya ɗaya gare ta, rani ɗaya, in damina ta faɗi ba ta nuna komai ba, a karɓe lasisin. Gwajin ƙasar da ta yi wani kwari ya nuna, can nesa. Ta shimfiɗa mini taswira in zaɓa mata, yatsana kuwa tudun yake komawa. Ban san ko ilimi ne ke magana ko ciwo ba.

Tsohon Mai Guduma

Amsa: Baba, duka biyun ne. Abin da idonka ya gani ba mafarki ba ne, amma kore a dutse ɗaya bai faɗi girman abin da ke ƙasa ba, kai ma ka sani.

Bari injin ya tafi kwarin, inda sabuwar shaida take. Tudun a ba shi aiki mai sauƙi: leburori kaɗan su ɗebo ƙasa da yashin rafi a gwada, kai ka jagorance su. Ku yanke tun yanzu irin sakamakon da zai sa a juyo da injin, kada a sauya daga baya.

Kuma ka ba ta labarin simintin nan. Ta cancanci sanin abin da ke jan yatsanka. Ranin nan nata ne, Baba. Allah ya ba ta sa'a, ya ba ka sanyin zuciya.