An Yanke Dariyar

Talata, 21 ga Oktoba

Awa biyu a wurin jiran fasinja na filin jirgin saman JFK, ba ko mutum ɗaya. Abdul-Fatawu, mutumin Kumasi da muke tuƙin tasi tare, ya ce bai gane abin da ke bayan takardar zaɓe ba. A gaba 'yan takara, a baya tambayoyi, ka ce i ko a'a. 'Yata Najat ta ce ƙuri'ar raba-gardama ake kiransa, wai har da batun gina gidaje. Ni Shitu, da na tsaya a aji biyu na sakandare, nan take na zama farfesa. Na toshe hanci, na yi muryar mai karanta labarai, na naɗa a waya: "Sanarwa ga al'ummar Hausawa. Duk wanda ya juya takardarsa ya cike baya, ya yarda ke nan hukuma ta zo ta ƙirga masu kwana a gidansa, har da na ƙarƙashin gado." Muka kwashe da dariya, dariyar ma ta shiga ciki. Na tura guruf ɗinmu na direbobi, mu goma sha huɗu.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Maman Najat ta tare ni a kicin da waya a hannu. "Abban Najat, ka ji abin da ake shirya mana?" Ta kunna. Ni ne. Daga guruf ɗin matan Islamiyya ya zo mata. An yanke ƙarƙashin gado, an yanke dariyar. Shekara ashirin da biyu muna tare ba ta gane ni ba, saboda yatsu biyu a hanci. Na ce mata ƙila wasa ne. Ta ce wane marar imani ne zai yi wasa da wannan?

Na ce gaskiya ne.

Asabar, 25 ga Oktoba

Saƙon ya hau TikTok. Wani shafi da ban san mai shi ba ya haɗa muryata da hoton ana ɓalle ƙofa, da jiniya, da rubutu ja: KADA KU JUYA. Kallo dubu arba'in. Ni da ko a gidana ba a saurarena har ƙarshe.

Hajiya Adjara ta ƙofar da ke kallon tamu ta tsayar da ni a matakala. Su bakwai ne a ɗaki biyu. Bana ta samu takardar zama 'yar ƙasa, ta ɗinka sabon kaya don ranar zaɓe. Ta ce ta fasa zuwa. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa Allah ya kyauta.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Najat tana aikin sa-kai a wani tebur a titin Fordham Road, tana yi wa mutanenmu bayanin takardar. Yau ta yi bidiyo da Hausarta mai ɗingishi, fuska a buɗe: "Wannan ƙarya ce. Babu mai zuwa gidanku." Na karanta abin da aka rubuta a ƙasa, a hankali, yadda nake karatu. 'Yar rahoto. An saye ta. Wa ya haifi wannan?

Ni ne. Duka biyun ni na haife su, ita da saƙon.

Talata, 28 ga Oktoba

Wani ya sa hoton ƙofar gininmu a TikTok, lambar ta fito raɗau.

Laraba, 29 ga Oktoba

Wani mutum ya bi Najat daga tebur har tashar jirgin ƙasa yana ɗaukarta a waya, yana cewa in aka kwashe 'yan'uwansa ita za a nema. Ta shigo ta kasa zare takalmi. Shekararta sha tara. Na ce ai ko ni ban taɓa samun mai ɗaukar hoto kyauta ba. Ba wanda ya yi dariya. Uwarta ta kalle ni kamar na taka sallaya da takalmi.

Kowane motsi a matakala sai na leƙa ta hudar ƙofa.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Abdul-Fatawu ya ce, "Alaji, ka kama bakinka. Mu sha uku mun yi shiru, kai ne za ka tona kanka?" Ya ce ƙarya a kan zaɓe a ƙasar nan ba wasa ba ce. Shi bai san dokar ba, ni ban sani ba, amma mun tsorata juna sosai. Lasin ɗin tuƙi. Takardata ta zama ɗan ƙasa da ba ta wuce shekara uku ba. Na ɗauki wata mata zuwa unguwar Queens, na wuce kwanarta sau biyu.

Juma'a, 31 ga Oktoba

Bayan salla wani ya kunna min saƙon a bakin masallaci, ya ce ya ji daga majiya mai ƙarfi cewa lauya ne ke magana. Na ɗan ji daɗi. Daƙiƙa ɗaya kawai. Allah ya yafe min ita.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Da safe na ga Najat tana ɗaura mayafi za ta koma teburin nan. Na ce Najat, zauna. Na yi ta kewaye-kewaye, daga baya na toshe hanci na ce, "Sanarwa."

Ta ce, rabi Hausa rabi Turanci, ta sani tun ranar farko. Wai kafin in yi ƙarya ina gyaran murya sau biyu, tun tana ƙarama. Na ce to me ya hana ki faɗa? Ta ce, "Baba, da na faɗa, kai za su bi."

Ban samu abin barkwanci ba. Na laluba, babu.

Na ce ɗauko wayarki. Na sa hula, na faɗi sunana da na ubana, na toshe hanci a gaban duniya, na sake, na ce ni ne lauyan. Maman Najat ba ta yi min magana ba har la'asar.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Ƙaryar kallo dubu casa'in, gaskiyar ɗari shida. Wasu sun ce kwamfuta ce ta haɗa fuskata, wasu sun ce an saye ni. Amma zagin ya dawo kaina: wawan tsoho, mai hancin tsiya. Ban taɓa jin daɗin zagi haka ba. Har yanzu in aka ƙwanƙwasa sai na leƙa ta hudar ƙofa.

Talata, 4 ga Nuwamba

Mun je zaɓe. Na raka Najat har ciki, ina waige. Hajiya Adjara tana layi cikin sabon kayanta, ta riƙe hannun Najat, ni ko kallo ban ishe ta ba. Daga inda nake na hango ta juya takardar. Ni ma na juya tawa. Rubutu ne kawai, ƙanana, sai da na sa tabarau.

Da rana a JFK Abdul-Fatawu ya ce, "Alaji, ba labarai yau?" Yatsana har ya kai kan alamar naɗin murya, kuma wallahi ƙaryar da ta zo min mai kyau ce.

Na ce masa mura nake yi.