Ƙwallon da Kuka Kawo Ta Karya Mini Yatsa

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Gasar Unguwanninmu, Madina.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali. Sunana Sa'idu, tela ne ni a Anbariyya, kuma ni nake tsare wa ƙungiyar unguwarmu raga tun kafin in yi aure. Sau biyu na zo ofishinka aka ce ba ka shigo ba, shi ya sa na rubuto a fili.

Na farko, ƙwallon da kuka kawo bana ba ta dace da filinmu ba. Ta da ɗinkakkiya ce, kuma ni ɗinki ne sana'ata, na san amfaninsa. Layin zaren nan shi yake riƙe iska ƙwallo ta tafi sak, shi ne kuma yatsa yake samu ya kama. Wannan sabuwar liƙa ta aka yi da gam, sumul take, ga rashin nauyi. Idan ta sha zafin ranar Madina a bayan mota sai ta yi tauri kamar dutse.

Na biyu, ta ɓata mana wasa. Da muna murza ƙwallo a ƙasa, a ba wannan a ba wancan. Yanzu kowa ya gane tana lanƙwasa a sama ba tare da an nufa ba, sai a tsaya daga nesa a narka kawai.

Na uku shi ne nawa. A wasanmu da 'yan unguwar Aƙiƙ bayan la'asar, an bugo ta daga kusan tsakiyar fili. Na shirya mata ta dama, ta karkace ta sauka a kan yatsana ɗan ali na hannun dama. A mustashfa, wato asibiti, likita ya ce ƙashin ya karye, aka ɗaure hannun. Tun ranar ban riƙe almakashi ba. Rigunan da aka ba ni kafin salla suna nan jibge, wasu masu su sun zo sun kwashe. Da na faɗa wa wakilinka a fili, cewa ya yi tsufa ne ya fara kama ni. Wataƙila haka ne. To golan Aƙiƙ fa, da bai kai talatin ba, wanda shi ma ta gurɗe masa wuyan hannu?

Ba diyya nake nema ba. Ina roƙon ku dawo da ɗinkakkiyar ƙwallo, ku daina barin ƙwallaye a rana, ku riƙa gwada iskarsu kafin a take wasa. Kuma in za ku sake zaɓen ƙwallo, ku kira masu tsaron raga, tunda hannuwanmu ne suke tarbarta. In kana shakka, ka zo ranar Juma'a ka tsaya a raga, a bugo maka sau uku kawai.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya yi maka jagora a wannan amana.

Wassalam.

Sa'idu Tela, Anbariyya.