Na Samo wa Inna Gida, Saude

Assalamu alaikum, Saude.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya haskaka makwancinki. Na san wannan takarda ba za ta zo hannunki ba, babu motar da ke zuwa inda kike. Ko kina nan ma da cewa za ki yi in karanta miki da kaina, don kin sha faɗa cewa rubutuna sai ni. Amma tun shekaranjiya bakina cike yake da labari, na rasa wanda zan zazzage wa. Shekara talatin da ɗaya ke nake fara gaya wa abu, yanzu kuma na tsufa da koyon wata hanya.

Saude, na samo wa Inna wuri! Tsaya, kada ki ɓata rai tukuna. Ban manta alkawarin da na yi miki a gadon asibiti ba, ranar da kika riƙe hannun rigata kika ce kada in bari a fitar da Inna daga ɗakinta, na ce ba zan bari ba. Wata goma sha huɗu ke nan ina riƙe da shi. Yanzu so nake in warware shi, kuma ba na so in yi a ɓoye, shi ya sa na zauna na rubuto miki.

Bari in fara da abin kunyata. Shekara tara kina jinyar mahaifiyata da wannan ciwon mantuwa, ni ina shago wajen Kusugu ina taka keken ɗinki. In dawo in tarar da ita fes, an yi mata kitso, tana ƙamshin turare, in ce ai rikicin tsufa ne kawai. Na taɓa tambayarki yadda kike yi ko sau ɗaya? Ba a yi sadakar bakwai ɗinki ba na gane ban san komai ba. Ni ɗanta ne, namiji, ba zan yi mata wanka ba. Mata uku muka ɗauko su taya ni, ɗaya bayan ɗaya, Inna ta kore su duka, ta ƙarshen da muciya ta raka ta har zaure. Jamilarmu kan zo daga gidan mijinta, ga goyo ga ciki, ta yi kwana biyar ta koma kamar wadda aka yi wa duka. Sau biyu Inna ta fice, wai za ta gidan babanta a garin Babban Mutum, shi kuwa ya rasu tun ban yi wayo ba. A na biyun Emeka mai sayar da kayan babur ne ya tsince ta kusa da tasha, takalmi ƙafa ɗaya, ya kawo mini ita har shago.

Wanda ya fi cin raina shi ne wannan. Kullum sai ta tambaye ni ina yarinyar nan, wato ke. Ni kuwa kin san ni da tsoron ƙarya, sai in ce mata Allah Ya yi miki rasuwa. Sai ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka sabo fil, kamar yanzu aka fita da ke. Bayan ɗan lokaci ta manta, ta sake tambaya, in sake gaya mata. Akwai ranar da na sa uwata ta yi makokinki sau biyar tsakanin hantsi da la'asar, ina ganin gaskiya nake riƙewa.

To, matar Emekan nan nas ce, ita ta ba ni labarin gidan. Yana bayan gari, ta hanyar Baure. Wata tsohuwar nas da ta yi ritaya ce ta buɗe shi, kowa Hajiya Sista yake ce mata, wai irin wannan ciwon ne ya kama mahaifinta kafin ya rasu. Tsofaffi masu mantuwa kawai suke karɓa, kuma ba su da yawa. Sashen maza daban, na mata daban, mata ke kula da mata.

Zuwan farko na sanar da su. Na tarar an share ko'ina, an kunna turaren wuta, har shayi aka kawo mini. Na sha, na yi godiya, ban yarda da komai ba. Ni tela ne, Saude, in an kawo mini riga a ce in duba ɗinkinta, juya ta nake yi in ga ciki. Wanda ya san baƙo na tafe ai zai gyara gida.

Zuwa na biyu ban gaya wa kowa ba. Na daidaici lokacin abincin rana, na kuma ɗauko makami, wato babbar yata, Yaya Abu. Kin san ta. Tun daga Baure ta zo da faɗa a bakinta, wai duk Daura za a ce 'ya'yan Inna sun gaji da ita sun kai ta gidan mahaukata, wai da ranta ba za a yi haka ba. Na ce to madalla, ga inda za ki sauke fushin. Ni ba zan kutsa sashen mata ba, ke ki shiga ki nemo mini aibu. Sai na lissafa mata inda za ta duba, kuma duk daga wajenki na kwaso, abubuwan da na riƙa ganin kina yi ina wucewa. Ta duba tsakanin yatsun ƙafarsu, da bayan kunne, da farce. Ta ɗaga katifa ta shinshina. Ta leƙa bayi ba tare da ta nemi izini ba. Ta kalli wuyan hannunsu da idon sawu ko akwai shatin igiya. Ashe ina gani, Saude, yi ne kawai ban taɓa yi ba.

Ta fi awa guda a ciki. Ni ina sashen maza ina kallon yadda ake ba wani tsoho abinci. Cokali ɗaya sai ya tsaya ya ba da labarin gonarsa, mai ba shi kuma ya jira, bai cusa masa ba, bai kalli agogo ba. Na kalli abincin, tuwon masara ne mai laushi da miyar kuɓewa, na roƙi loma na ɗanɗana. Naki ya fi shi, kada ki damu, amma ya ciwu.

Da Yaya Abu ta fito, wallahi da kin gan ta da kin yi dariya har kin riƙe ciki. Fuskarta a murtuke, don haushin ba ta samu abin da ta zo nema ba. Ta ce ƙafafunsu a shafe suke da mai, babu mai kaushi. Ta ce ta ga wata tsohuwa ta yi sallar azahar sau uku, babu wanda ya ce mata ta riga ta yi, buta kawai ake sake cika mata. Ta ce ana kiran kowace da sunan da aka san ta da shi a unguwarsu, akwai wadda Mai Fura ake ce mata har yanzu. Duk da haka ba ta fito hannu wofi ba. Ta gano ɗaki ɗaya da rufinsa ke yoyo, ta ce in babu wuta ɗakunan yamma zafi kamar tanda, kuma akwai wata ma'aikaciya mai murya kamar tana kiran awaki. Muka kai wa Hajiya Sista waɗannan. Na zuba mata ido in ga ko za ta kare kanta. Ba ta musa ko ɗaya ba, har ta ƙara mana da wanda ba mu gani ba, cewa ranar Juma'a ma'aikatansu kan yi ƙaranci. Ta ce Inna ɗakin gabas za a ba ta, mu kuma mu zo duk lokacin da muka ga dama, ba sai mun sanar ba. A nan na ji zuciyata ta fara kwanciya.

Maganar ficewa fa? Ƙofar waje a kulle take, amma tsakar gidan da faɗi, ga darbejiya a tsakiya. Duk wadda ta ce gida za ta, ba a tare ta. Sai wata ta ɗauki mayafi ta ce ta zo ta raka ta, su yi ta zagaya bishiyar suna hira har ta gaji ta nemi ruwa. Me ya sa wannan dabarar ba ta taɓa zo mini ba? Ni kulle zaure nake yi, in bar ta tana dukan ƙyaure.

Shekaranjiya muka kai Inna ta wuni, don gwaji. Sun tambaye ni sana'arta tun tana da ƙarfi, na ce ƙuli-ƙuli. Muna zuwa aka ajiye mata faifai da gyaɗa. Saude, hannun nan da ba ya iya ɗaura zani sai ga shi yana ɓarar gyaɗa kamar inji! Har faɗa take wa na kusa da ita wai ba ta iya ba.

Amma akwai jarrabawar da na ɓoye, ban gaya wa kowa ba. So nake in ji abin da za su ce in ta tambaye ki. Na nemi izini na zauna a bakin ƙofa, bayan labule. Ba a jima ba kuwa ta ɗago kai ta tambayi inda yarinyar nan take. Wadda ke kula da ita, Ladidi, mace ce mai kamar shekarunki. Ba ta ce kin mutu ba, ba ta kuma ce kin je kasuwa ba. Tambayarta ta yi wace yarinya ce, yaya take, ta iya tuwo? Shi ke nan Inna ta buɗe baki. Ta ba ta labarin yadda kika ƙona tuwo a makonki na farko kika ɓoye tukunyar a bayan rumbu. Ta ce kin fi ɗanta hankali nesa ba kusa ba. Tana dariya, Saude, dariya har da tafa hannu! Rabon da in ji wannan dariyar tun kina nan. Ni ma ina bayan labule ina toshe baki da hula. Ko ƙarya ɗaya ba a yi mata ba, kuma ba ta zubar da hawaye ba.

Sai Inna ta rage murya, kamar mai tsoron a ji. Ta ce yarinyar nan ba ta da lafiya, ta daɗe da ciwo a gefen ciki. Ta ce in ta ɗago ta daga wanka sai ta jingina da bango ta runtse ido. Ta ce yarinyar ta roƙe ta kada ta gaya wa yaron nan, wato ni, don in ya ji zai kawo wata ta karɓi aikin, ita kuwa ta san Inna ba ta son hannun baƙo a jikinta.

Haka aka yi, Saude? Likita ya ce mun kawo ki a makare, na yi ta cewa ai ciwon farat ɗaya ya zo. Ashe matar da ba ta tuna ko ta ci abinci ita ta riƙe miki sirri, ni mai cikakken hankali ina kwana gida ɗaya da ke ban gani ba. Na fita bayan gidan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarki.

Jamila ta ce in ta haihu za ta roƙi mijinta ta dawo gida ta riƙe Inna, don ta ji alkawarin da na yi miki. Jininki ce, za ta yi, kuma in ta ji ciwo ita ma shiru za ta yi. Na ce mata a'a. Ranar Asabar zan kai Inna da akwatinta, Yaya Abu da kanta ta ce za ta raka mu. Kullum in na rufe shago bayan la'asar can zan nufa, kuma zan ci gaba da duba ƙafafunta, ko sun so ko ba su so ba.

Ki sake ni daga alkawarin nan, Saude. Ki kuma yafe mini shekara tara da ban ce miki sannu ba. Sannu. Allah Ya jiƙanki, Ya saka miki da gidan da ya fi kowane gida.

Naki har mu haɗu,
Baban Jamila